Tsakanin Tukunya da Baki: Awannin da Ke Ɓata Abincin Taro

Duk wanda ya saba shiga gidan biki a watan Afrilu, a Kano ne ko Sakkwato ko Maraɗi, ya san yadda ranar take farawa. Tun kafin kiran assalatu an hura wuta, an ɗora manyan tukwane a tsakar gida ko a bakin layi. Kafin hantsi ya dubi ludayi shinkafa dafa-duka ta nuna, an soya kaji, an sauke alale, an yayyanka kabeji da karas an kwaɓa da mayonis. Sai a juye a kuloli, a jera su a zaure ko a ƙarƙashin rumfa, a koma hidimar wanka da kwalliya. A kati an rubuta ɗaurin aure ƙarfe 11, amma waliyyin ango yana hanya, babban baƙo bai iso ba, ba a shafa fatiha ba sai bayan azahar. 'Yan yinin biki kuwa ba su cika ba sai la'asar sakaliya. Lokacin da uwar biki ta ce a buɗe kula, murfin yana ɗigar da gumi, shinkafar ba zafi ba sanyi, ɗumi-ɗumi kamar jikin mutum. Awa takwas ke nan da sauke ta daga wuta, a ranar da zafi ya haura digiri 40 a ma'aunin salshiyas. Aka ci aka yi hamdala, aka ƙulla wa kowa nasa a leda ya tafi wa yara da shi.

A kan waɗannan awanni takwas nake so mu tsaya. Matanmu sun iya girki, kuma abincin da ya fito daga tukunya yana tururi kusan kullum lafiyayye ne. Ɓarnar tana faruwa ne bayan an sauke, a tsawon jiran da ke tsakanin tukunya da bakin mai ci, kuma wannan jiran shi ne abu guda da ba a sa shi a lissafin biki. Ana lissafa buhun shinkafa nawa, kaji nawa, kujeru nawa, anko kala nawa, amma da wuya ka ji an zauna an ce: ƙarfe nawa za a sauke, ƙarfe nawa za a raba? Ra'ayina shi ne mai taro, ko na aure ne ko suna ko walimar sauka ko fita shan iska da iyali a ranar Salla, haƙƙin baƙinsa ne a kansa ya gajarta wannan lokaci, kuma yin hakan bai fi ƙarfin talaka ba.

Abin da ya sa ba mu ɗauki lamarin da zafi ba shi ne cutar ba ta faruwa a gaban jama'a. Taro ya watse, kowa ya kama gabansa. Cikin dare wata tsohuwa a wannan unguwa ta fara amai, wani yaro a wancan ƙauye ya kwana yana zagayawa, wani direba da ya kawo 'yan biki ya wayi gari cikinsa na murɗawa. Ba su san juna ba, babu mai haɗa labarinsu wuri ɗaya. Wannan ya ce zafin rana ne, wancan ya ce taifot ce ta tashi ya aika kemis a sayo masa magani, wata kuma ta fara zargin an yi mata sammu a gidan biki, har a ɓata zumunci a kan abin da tukunya ɗaya ta jawo wa mutum talatin. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙiyasin da ta fitar a shekarar 2015, ta ce a kowace shekara mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da ciwo ta dalilin gurɓataccen abinci, 420,000 kuma suna mutuwa, daga cikinsu 125,000 yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. A yankin Afirka kaɗai ta ƙiyasta fiye da mutum miliyan 91 suna kamuwa, kusan 137,000 suna rasa rayukansu. Ba duka ne daga abincin taro ba, wannan gaskiya ne. Amma taro ne wurin da kuskuren hannu ɗaya yake shiga cikin ɗaruruwa a yini guda.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar ganewa. Ƙwayoyin cutar da ke gurɓata abinci suna da iyakar zafin da suke hayayyafa a ciki, daga digiri 5 zuwa digiri 60. Ƙasa da haka sanyi yana daƙile su, sama da haka zafi yana hana su motsi, a digiri 70 kuma yawancinsu sun mutu. A tsakiyar wannan iyaka, wajejen ɗumin jikin ɗan Adam, wasu daga cikinsu suna ninka yawansu duk bayan minti 20. Mai ƙwaƙwalwar lissafi ya gwada: ƙwaya ɗaya tak, idan ta samu yadda take so, cikin awa bakwai ta haura miliyan biyu. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a kan wuta ba, ba a cikin sanyi ba. Ma'aikatar noma ta Amurka, wadda ke gargaɗin jama'arta duk bazara saboda al'adarsu ta cin abinci a lambuna da bakin ruwa, ta ƙara da cewa idan zafin gari ya haura digiri 32 to awa ɗaya ce kawai. Wannan zafin da su suke ɗauka a matsayin na gargaɗi, a Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu da Mayu shi ne yanayin safiya kafin rana ta ɗaga. Abin da yake rana ta musamman a wajensu, a wajenmu watanni ne cur, kuma ba mu daina biki a cikinsu.

Mutane da yawa za su ce ai dafawa ta kashe komai, in ma an ga ya huce sai a ɗumama. A nan ne kuskuren ya fi muni, domin ya shafi abincin da muka fi yi a taro, wato shinkafa da miyar nama. Akwai wata ƙwayar cuta da masana ke kira Bacillus cereus, tana zuwa ne a jikin ɗanyar shinkafar tun daga gona. Takan lulluɓe kanta da wani ɓawo mai tauri, kamar irin ciyawar da ke kwance a ƙasa duk rani yana jiran ruwan farko, kuma tafasa ba ta fasa wannan ɓawo. Da shinkafar ta huce ta koma ɗumi sai ta farka, ta hayayyafa, ta saki guba. Gubar nan wuta ba ta kashe ta. Ko an mayar da shinkafar kasko an soya, ko an turara ta har ta yi tururi, gubar tana nan, kuma cikin 'yan awanni wanda ya ci zai fara amai. Haka ma Clostridium perfringens, wadda ta fi son babbar tukunyar nama ko miya da ke hucewa a hankali, inda sama ya yi sanyi tsakiya kuma ya daɗe da ɗumi. Ita gudawa da murɗar ciki take kawowa bayan awa shida zuwa ashirin da huɗu. Ta ukunsu Staphylococcus aureus, a hanci da fatar kusan mutum ɗaya cikin huɗu take zaune ba tare da ta dame shi ba. Hannun mai yanka salak, ko mai ɓare dafaffen ƙwai, ko mai zuba nama a robobi, shi ke kai ta abinci, ita ma ta saki gubar da ɗumamawa ba ta yi wa komai. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne dukkansu ba dole ne su canza wari ko ɗanɗano ba. Tsami da yauƙin da hanci da harshe ke ganewa aikin wasu ƙwayoyin ne daban. Mai biki tana iya ɗanɗanawa ta ce lafiya lau, ta rantse da gaskiyarta, alhali abincin ya riga ya zama cuta.

Kula kuwa, wadda yanzu babu gidan da ba ta, mun ɗora mata amanar da ta fi ƙarfinta. Ita ba murhu ba ce, ba ta ƙara zafi. Rage gudun hucewa kawai take yi. Idan mai kyau ce, aka cika ta taf da abinci yana tururi, aka rufe ba a sake taɓa ta ba, tana iya riƙe shi sama da digiri 60 na wasu awanni. Amma wa ya ga kular gidan biki da ba a buɗewa? A ɗiba wa masu kafa rumfa, a ɗiba wa yaran da suka tashi da yunwa, a ɗiba wa baƙin nesa da suka kwana. Kowace buɗewa zafi na fita, kowace ɗiba iska na samun wuri, ludayi ɗaya yana shiga yana fita ana ajiye shi a kan murfi. Da zarar zafin ya sauko ƙasa da iyaka, kyan kular shi ke zama illarta, domin yanzu ɗumin da ƙwayar cuta ta fi so shi take tsarewa, da danshi a kai. Ledar da ake ƙulla abinci a ciki a jefa bayan mota da rana tsaka ita ma aikin da take yi ke nan.

Hujjar da ta fi ƙarfi a bakin masu jayayya ita ce ta kakanni: sun yi bukukuwa ba firji ba kula, ba a ji sun ƙare ba. Ban raina wannan magana ba, domin a cikinta akwai darasi, sai dai ba wanda masu faɗin ta ke nufi ba. A dubi abin da kakannin nan suke ci. Tuwo ana kwashe shi ne a malmala a kai wa jama'a da miya tana zafi. Waina ana soya ta ne a tanda mai ci na tsaye. Naman da za a ajiye ana shanya shi ya zama kilishi, ko a soya shi ƙarau har ruwan jikinsa ya ƙone, ko a yi dambu, domin ƙwayar cuta ba ta yaɗuwa inda babu danshi. Guzurin matafiyi fura ce da nono mai tsami, da dakuwa, da ƙuli-ƙuli. Ba su san sunayen ƙwayoyin ba, amma tsawon zama da zafin ƙasar nan ya koya musu abin da ke jure rana da abin da ba ya jurewa. Mu ne muka ɗauko soyayyar shinkafa mai hanta da koren wake, da salak mai mayonis da ƙwai, da kek mai madara, abincin da aka ƙirƙira shi tare da firji, muka kawo shi ƙarƙashin rumfa muka bar firjin a baya. Muka kuma ninka yawan masu ci, yadda dole sai an fara girki tun dare. Sannan kada mu manta, a zamanin da ake yabo ɗin, yaron da gudawa ta ɗauke ba a binciken abin da ya ci jiya.

Sai hujjar wutar lantarki da kuɗi, cewa wannan wa'azi na masu janareto ne. Da a ce sanyi ne kaɗai mafita, da na yarda. Amma iyakar zafin da na ambata tana da gefe biyu, kuma gefen zafi yana hannun kowa. Tukunyar da aka bari a kan garwashi tana tururi a hankali har lokacin rabawa ta fi kowace kula aminci. Girki kashi biyu, na masu ɗaurin aure da safe, na 'yan yini bayan azahar, ya fi girki ɗaya na asuba. Salak, in har dole ne, a wanke kayan da ruwa mai tsabta, a bar mayonis a kwalbarsa sai lokacin zubawa. In babu halin sanyi a cire shi daga tsarin gaba ɗaya, babu auren da ya taɓa mutuwa don ba a ci kabeji ba. Nama ɗanye da wuƙarsa da farantinsa su yi nesa da wanda ya riga ya dahu, domin tiren da aka kawo ɗanyar kaza a kai, in aka mayar da gasasshiya cikinsa, an rushe aikin wutar. Na san girki sau biyu yana cin itace, yana kuma ƙara wahala a kan matan da dama su ne ke kwana a tsaye. Wannan tsada ce ta gaske, ba zan ɓoye ta ba. Amma a gwada ta da kuɗin ƙarin ruwa a asibiti na yaro ɗaya, ko a gwada ta da abin da gidan ya kashe a kan kayan rabo da mai ɗaukar hoto, sai a ga ba rashin hali ne ke hana mu ba.

Akwai kuma laifin da ba na masu girki ba ne sam, na mu ne masu zuwa ci. Makarar da muka mayar ado, musamman ta manyan mutane da ake riƙe taro dominsu, ita ce ke mayar da awa biyu awa bakwai. Mai gida yana jin nauyin a raba abinci alhali Ranka-ya-daɗe bai iso ba, sai a bar mutum ɗari uku da kuloli goma suna jira a rana. Girmama baƙo abu ne mai kyau, Hausawa ma sun ce baƙonka annabinka, amma tsohuwar da ta zo tun safe ita ma baƙuwa ce, kuma cikinta bai kai na babban mutumin ƙarfi ba. A raba abinci a kan lokacin da aka tsara. Wanda ya makara a dafa masa ɗan nasa daban, ko a karɓe shi da ruwa da goro da dabino, ba zai ce an wulaƙanta shi ba in mai hankali ne.

Abin sha ma yana cikin lissafin. Zoɓo da tsaminsa yana ɗan jurewa, amma kunun aya da kunun gyaɗa da duk abin da aka sa wa madara ba sa ɗaukar rana ko kaɗan. Ƙanƙarar da ake sayowa a fasa a jefa cikin bokitin abin sha, daskarewa ba ta kashe abin da ke cikin ruwanta. Gara a jera kwalabe a rufe a cikin ƙanƙarar da a zuba ta a ciki. Kwanon wanke hannu guda da mutum ashirin za su tsoma a jere, na ƙarshe bai wanke komai ba, ya ƙara ne; buta da sabulu, wani na zuba wa wani, sun wadatar. A shekarar 2021 Nijeriya ta ga annobar kwalara da ta kama fiye da mutum 100,000 ta kashe fiye da 3,000, kuma Bauchi da Kano da Jigawa suna cikin jihohin da suka fi jin jiki. Kwalara ta ruwa da abinci da hannu take bi, kuma zaman makoki da bukukuwa suna cikin hanyoyin da take tsallakawa daga gari zuwa gari. A shekarar 2021 ɗin dai ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti a Kano bayan shan abin sha da aka haɗa da wani sinadari da aka sayar a matsayin ɗan tsami, wasu suka rasu. Wancan ya girgiza kowa domin ya zo a dunƙule, jaridu sun ɗauka, hukumomi sun shiga kasuwa. Na shinkafar da ta yini a kula a warwatse yake zuwa, shi ya sa ba mai shiga ko'ina.

Wurin da ya fi ci mini rai shi ne ragowar. Addini da al'ada sun hana mu zubar da abinci, kuma daidai ne, a ƙasar da mutane ke kwana da yunwa almubazzaranci abin kunya ne. Amma a dubi wa ke cin ragowar, kuma yaushe. Bayan isha, ko washegari da safe, sai a kira almajirai a juye musu ƙasan kula a robobinsu, shinkafa da miya da salak da alale duk a haɗe. Abincin da ya fi kowanne daɗewa a ɗumi, wanda ya fi shan hannu, shi ake ba yaron da ya fi kowa raunin jiki, wanda ba uwa kusa da shi da za ta lura ya fara galabaita, ba kuma mai kai shi asibiti cikin dare. Mai bayarwa da kyakkyawar niyya ta bayar, ban yi shakka ba. Sai dai niyya ba ta cire gubar da ke cikin shinkafa. Wanda yake son ladan ciyarwa ya cire kason almajirai da maƙwabta tun lokacin da aka sauke tukunya, su ci da zafinsa tare da kowa. Hakan ma yana rage ragowar da za a rasa yadda za a yi da ita. Abin da kuwa ya yini a rana har ya kwana, wanda mai gida ba zai ba ɗan cikinsa ba, bai zama sadaka don an miƙa shi ga ɗan wani ba.

Ba na tsammanin hukuma za ta bi gida-gida tana leƙa kuloli, kuma ba na fatan haka. Inda take da aiki shi ne wajen waɗanda girkin taro ya zama sana'arsu, da kuma cibiyoyin ciyarwa na watan azumi, inda ake dafa kunu da ƙosai da shinkafa tun rana don a raba da magariba, musamman a shekarun da azumi ke faɗowa a lokacin zafi. Duba-gari na ƙananan hukumomi suna iya tara masu wannan sana'a su koya musu ƙa'idoji biyar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, waɗanda ba su wuce tsabta, da raba ɗanye da dafaffe, da dafawa sosai, da kiyaye zafi ko sanyi, da amfani da ruwa mai kyau ba. Mai ba da kwangilar girki ita ma tana da baki: kamar yadda take tambayar yankan nama nawa za a sa a kowace roba, ta tambayi ƙarfe nawa za a sauke, ta ƙi karɓar abincin la'asar da aka dafa da asuba.

In kuma abin ya riga ya faru, abu na farko ruwa ne, ba ƙwayoyin kemis ba. Amai da gudawa suna kisa ne ta hanyar ƙarar da ruwan jiki, kuma yaro ƙarami ko tsoho yana iya galabaita cikin yini ɗaya. A jiƙa fakitin gishiri da sukari na asibiti, in babu a haɗa lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, mai shayarwa kuma ta ci gaba da ba da nono. In aka ga jini a bayan gida, ko ido ya faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko mara lafiya ya kasa riƙe ko ruwa, asibiti za a nufa ba tare da jiran gari ya waye ba. Sannan a daure a kira gidan da aka yi taron a faɗa musu, cikin ladabi ba da zargi ba, domin wataƙila akwai sauran wannan shinkafar a leda a wasu gidaje goma, ana shirin ɗumama wa yara da safe.